Tabon da Ba a San Rauninsa ba: Jawabin Kwamitin Lafiya a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

An ba mu 'yan mintoci kafin a kawo abinci, to magana ɗaya tak za mu yi.

Duk mun sha jin cewa mace ta riƙa laluba mamanta ko akwai ƙullutu a ciki. Gaskiya ne, kada a daina. Amma akwai wani ciwon daji da ba a cikin mama yake farawa ba, a fatar da ta rufe shi yake tsirowa. Likitoci na kiran sa dermatofibrosarcoma protuberans, a taƙaice DFSP. Ba kasafai ake samun sa ba, mutum ƙalilan ne cikin miliyan a shekara. Ya fi fitowa a baya, ciki ko kafaɗa, a kan mama kuwa sai jefi-jefi. Ya fi kama 'yan shekara 20 zuwa 50, kuma ƙididdigar Amurka ta nuna baƙaƙen fata sun fi farare samun sa.

Me ya sa muka ɗauko ciwon da bai yawaita ba? Saboda iya ɓad da kama. Yakan fara kamar tabo mai tauri, duhu-duhu ko ja-ja, galibi ba zafi. Sai ya yi shekaru yana faɗi a hankali kafin ya soma tudu-tudu. Mu da muka saba ganin tabo mai kumburi bayan hujin kunne ko ƙuna, sai mu ce ai shi ne. To yaya, ki tambayi kanki: yaushe na ji ciwo a nan? In kin rasa amsa, kuma abin na ƙaruwa, sai asibiti.

A can za a iya yin sikanin ko hoton mama, amma hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an ɗebi ɗan nama daga wurin an kai ɗakin gwaji. Ana yin wannan a manyan asibitoci irin na koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Don Allah kada a bari wanzami ya tsaga shi. Kuma ko a ina aka cire miki wani tsiro, ki tsaya kai da fata a kai shi gwaji, ki karɓi sakamako a rubuce.

Ga labari mai daɗi: wannan ciwo da wuya ya bazu zuwa wasu sassan jiki, kuma yawancin masu shi suna warkewa. Matsalarsa dawowa. Halinsa halin ciyawar kiri-kiri ne, ki tuge ta sama, saiwa na nan kwance. Shi ya sa likita ke yanke shi tare da lafiyayyar fatar kewaye, kimanin santimita 2 zuwa 3, a duba gefunan a tabbatar ba saura. In an zo da wuri, sau da yawa ba sai an cire mama ba. In ya gagari aiki, akwai ƙwayar imatinib da kan sa ya motse, wani lokaci kuma a haɗa da gashi. Bayan aiki sai a riƙa komawa dubiya duk wata 6, domin yawancin dawowarsa cikin shekara 3 na farko ne.

Saura namu. Abin da ke zaunar da mace a gida sanannu ne: kunya da kuɗi. Muna roƙon taro ya amince a ware wani abu daga asusun taimakon juna domin kuɗin gwaji da na mota, kuma kada mu bar ɗayarmu ta je asibiti ita kaɗai. Mazajenmu, in ta ce za ta je, a ce mata a dawo lafiya, a kuma sa hannu a aljihu.

Allah ya bar mu tare, ya kai mu baɗi lafiya.