Kashi 15 da Bai Iso Mayo-Rey Ba

 

Duk wanda ke zauren nan ya san tarihin. A 1972 Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya rushe tarayyar Kamaru da ƙuri'ar raba gardama. Tsarin mulkin 18 ga Janairun 1996 ya yi alkawarin sauko da iko ga yankuna da ƙananan hukumomi, amma sai 6 ga Disamban 2020 aka zaɓi majalisun yankuna na farko. Shekara 24 ke nan tsakanin alkawari da cikawa. Jami'an Yawunde suna cewa an gama aiki, tunda ga majalisa, ga ma'aikatar da aka kafa musamman a 2018, ga doka. Wasu malaman jami'a kuma suna cewa ba abin da zai gyaru sai an koma tarayya. Mai wannan lacca ya daɗe yana jayayya da ɓangarorin biyu, domin dukansu suna magana kan sunan tsari, alhali abin da ya hana Rey Bouba da ke gundumar Mayo-Rey hanya da ruwa shi ne wanda ke riƙe da kuɗin da kuma yadda ake raba shi.

Masu kiran tarayya suna yawan kawo misalin Kanada, ƙasa mai Turanci da Faransanci kamar Kamaru. To, a duba ta da kyau. Larduna 10 gare ta, kuma tun 1867 makarantu da asibitoci suna hannun larduna. Amma tsarin mulkin ya bar birane a ƙarƙashin larduna ɗungurungum. A 2018 gwamnatin Ontariyo ta Doug Ford ta rage mazaɓun majalisar birnin Toronto daga 47 zuwa 25 ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, kuma a 2021 Kotun Ƙoli ta ce tana da hurumin yin haka. A maƙwabciya Najeriya ma tarayya ake yi, amma sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, saboda gwamnoni sun daɗe suna riƙe shi. Tarayya ba ta hana babba danne ƙarami ba a ko'ina cikin biyun. Abin koyi a Kanada wani abu ne daban: tun 1957 gwamnatin tarayya take biyan larduna marasa ƙarfi kuɗin daidaito bisa lissafin da kowa zai iya bi, kuma a 1982 aka shigar da wannan ƙa'ida cikin tsarin mulki.

Yanzu ga lissafin gida, wanda shi ne zuciyar maganar. Dokar 24 ga Disamban 2019 ta ce kason da gwamnati za ta ware wa yankuna da ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta. Majalisar dokoki ce ta amince, shugaban ƙasa ya sa hannu. A 2021, shekarar da majalisun yankuna suka fara aiki, kason da aka sanar ya tsaya a kusan kashi 7. Ko rabi bai cika ba. Da ɗan kasuwa ne ya biya rabin harajin da doka ta ɗora masa, da an rufe masa shago kafin azahar.

Ko abin da ke isowa ma, yadda ake raba shi akwai zalunci a ciki. Tun 2019 ana ba kowace ƙaramar hukuma sefa miliyan 100 a shekara don ayyukan raya ƙasa, wato biliyan 36 ga guda 360. Da jin haka mutum zai ce an yi adalci. Amma gundumar Mayo-Rey ta haura murabba'in kilomita 36,000, ta fi ƙasar Beljiyam girma, kuma ƙananan hukumomi huɗu kacal gare ta: Rey Bouba, Tcholliré, Touboro da Madingring. Jihar Kano, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 20,000, tana da 44. Idan aka raba miliyan 400 bisa faɗin Mayo-Rey, kowane murabba'in kilomita yana samun kusan sefa 11,000 a shekara. Gundumar Mfoundi, inda Yawunde take, ba ta kai murabba'in kilomita 300 ba, ƙananan hukumominta bakwai, kasonta miliyan 700. Za a ce ai can ne jama'a suka fi yawa. Gaskiya ne, amma can ne kuma harajin kasuwa da na filaye da na kamfanoni yake, kuma hanya da kilomita ake auna ta. Magajin garin da ke da ƙauyuka masu nisan tafiyar yini a kan babur ba zai gina gada da kason da aka yanka wa unguwa ba.

A je wani ƙauye a gabashin Rey Bouba cikin watan Agusta. Rafi ya cika ya shafe mashigi, mai naƙuda tana kan amalanke a wannan gaɓa, ɗakin shan magani yana waccan. Ajin yara zana ne da itace, an tashe su tun saukar ruwan fari. Kansilan wurin ya kai kuka, majalisa ta sa aikin a kasafi. Daga nan kasafin sai ya jira amincewar firefe, wato wakilin gwamnati a gunduma, a Tcholliré, kuɗin kuma yana cikin asusun baitulmali guda na ƙasa, a hannun ma'ajin da ba magajin gari ya naɗa ba. Kafin a saki kuɗi damina ta sake zagayowa, ɗan kwangila ya kwashe kayansa. Talaka bai san firefe ba, bai san baitulmali ba. Wanda ya zaɓa shi yake zagi.

Kuma yankin nan ba matalauci ba ne. Audugar da kamfanin SODECOTON ke saye, kaso mai tsoka daga Mayo-Rey take fitowa. Bututun man Chadi yana ratsa ƙasar Touboro. Gandun dajin Bouba Ndjida mai hekta 220,000 yana nan, da yankunan farauta da ake ba da haya a kewayensa. Manomin da giwa ta tattake masa gona, da makiyayin da aka tare wa burtali, su suke ɗaukar nauyin wannan dukiya, ban da masu garkuwa da mutane da suka tilasta wa iyalai sayar da shanu don biyan fansa. Manomin da makiyayin suna da haƙƙin ganin lissafin abin da ke dawowa garinsu, a rubuce, shekara bayan shekara.

Masu cewa ƙananan hukumomi ba su da ƙwararrun da za su riƙe manyan kuɗi, amsarsu gajeriya ce: akwai jami'a a Ngaundere, akwai a Marwa, akwai a Garwa tun 2022, kuma masu digirinsu suna tuƙa babur. A ɗauke su aiki. Masu tsoron sata kuma su tuna cewa kuɗin da ya ɓace a babban birni ba wanda ya gan shi, amma rijiyar da ba a haƙa ba a Madingring kowa ya san gidan wanda ya karɓi kwangilarta.

Batun sarauta yana buƙatar kalma ɗaya, cikin ladabi. Masarautar Rey ta girmi jamhuriya da fiye da shekara 150, tun zamanin Buba Njidda. A majalisar yankin Arewa mai kujeru 90, sarakuna suna da 20, kuma Mai Martaba Lamido Abubakar Abdullahi ya shiga majalisar dattijai tun 2013, aka zaɓe shi mataimakin shugabanta na farko. Wannan murya ce mai nauyi, kuma ya dace ta tsaya bayan kashi 15. Sai dai ba daidai ba ne aikin gada ya dogara ga wanda gari ya sani a sama, domin akwai garuruwan da ba su san kowa ba.

Abin da ake nema ba sabo ba ne. A biya kashi 15 cikakke kamar yadda dokar 2019 ta ce, a daina raba shi daidai-wa-daida, a sa yawan jama'a da faɗin ƙasa da nisan hanya cikin lissafin, a buga lissafin kowa ya gani. A ba firefe wa'adin duba kasafi bisa doka kawai, ba bisa ra'ayinsa kan wane aiki ya fi dacewa ba. Mayo-Rey kuma a ƙara mata ƙananan hukumomi, domin huɗu ba su isa ba.

Kansilolin da ke nan, a zaman kasafi mai zuwa ku nemi a rubuta muku nawa aka yi alkawari bara, nawa ya shigo, kuma a wane wata. Ku manna takardar a ƙofar ofishin magajin gari, ku sa a karanta ta a kasuwa da Fulatanci da Hausa.