BAƘUWAR KAZA DA MAKWANCINTA

Jawabi ga masu kiwon kaji na unguwar Mbamoi, Yola



 Abin da ya tara mu yau kaza ce. Wani zai ce ƙaramin abu ne, amma uwargidan da ta taɓa sayar da zakara ta biya kuɗin magani ta san ba ƙarami ba ne. Tun 1976, zamanin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo, ake kiran kowane gida ya riƙe kiwon kaji, a 2024 kuwa Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin kiwon dabbobi. Duk da haka kukan da muke yawan ji shi ne, "Na sayo kaji, ba su yi wata ba suka ƙare." Sau da yawa tushen wannan hasara yana cikin mako biyun farko. Kazar da ba ta san makwancinta ba, ita ce rabon muzuru.

Daga kasuwa zuwa gida

In za ku sayi kaza a kasuwar Yola ko ta Jimeta, ku je da sassafe ko da yamma. Kun san zafin garin nan a watannin Maris da Afrilu, lokacin da yakan wuce awo 40. Kaza ba ta gumi, haki kaɗai take yi ta rage zafi. Saboda haka kada a ɗaure ƙafafunta a rataye ta kai ƙasa a jikin babur. A sa ta cikin kwando mai shan iska, a lulluɓe da ƙyalle, domin duhu yana kwantar mata da hankali. In an iso gida a fara ba ta ruwan randa, bayan ta huta a zuba mata tsaba kaɗan.

Kwana 14 a killace

Wajibi ne a tsare baƙuwar kaza kwana 14 a wuri dabam, nesa da kajin gida. Dalilai biyu ne. Na farko, a cikin kwanakin nan ne take gane cewa nan ne wurin ci da kwana. Na biyu, in ta zo da cuta, cutar za ta bayyana kafin ta yaɗu. Annobar nan mai sa kaza ta murɗe wuya tana zawo kore, wadda likitoci ke kira Niyukasil, ta fi tsanani da hunturu, kuma kaza ɗaya tana iya kawo ta ta share akurki. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin maganin rigakafinta. Ku nemi malamin dabbobi ya ɗiga wa kajinku. In kuwa kaji suna mutuwa farat ɗaya da yawa, kada a yanka, kada a sayar, a kai rahoto nan take, gama murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 tana kama mutum.

A kwanakin nan mutum ɗaya ya riƙa ba su abinci, a lokaci ɗaya, da kira iri ɗaya. A hana yara kora su ko leƙa su a kai a kai. Ran da za a sake su, a bari sai bayan la'asar sakaliya, a watsa tsaba a bakin akurki. Ba za su yi nisa ba magariba za ta maido su. Haɗa su da tsofaffin kaji kuwa da dare ake yi, sa'an nan da safe a ajiye kaskon abinci biyu, don kada manya su hana baƙi ci.

Ku san abokin gaba

Kowane mai ɓarna yana da alamarsa. In ɗan tsako ya ɓace da rana tsaka ba ko gashi, aikin shirwa ne ko shaho. In aka wayi gari aka tarar da kaji da ciwo a wuya, a tuhumi muzuru ko tunku. In ƙwai yana ɓacewa ba a ganin ɓawo, akwai maciji ko guza kusa. Ɓera da gafiya kuwa dusa ce ke jawo su, daga nan su koma kan 'yan tsaki. Mu da muke zaune kusa da Binuwai sai mu ƙara lura a watannin Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ke cika fadama ya koro macizai zuwa gidaje.

Gyaran akurki

Akurki nagari ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A gina shi a inuwa, a tudun da ruwa ba ya kwanciya. A daɓe ƙasansa sosai ko a yi masa siminti don kada a haƙo ta ƙasa. Kafofin shan iska a rufe su da ragar waya wadda idonta bai wuce rabin inci ba. Ƙofa ta kasance mai sakata, domin dutsen da ake jinginawa kare yana iya ture shi. A gicciya sanda a ciki, gama kaza ta fi natsuwa in ta kwana a bisa. A nome ciyawar da ke kewaye, a kawar da tarin itace da tubali, a kwashe ƙwai kullum, kada kuma a bar ragowar abinci ya kwana. Kada a zuba gubar ɓera a fili, domin kaza da yaro ne za su riga ɓeran kaiwa gare ta.

Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Uwa ta yi kwana 21 tana kwanci, bai kamata wahalarta ta tafi a banza ba. A kife mata babban kwando a inuwa tare da 'ya'yanta, da ruwa a kasko marar zurfi, har su kai mako 6 kafin a bar su su yi yawo.

Daga ƙarshe, jama'a, abin da muke roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Kowace magariba wani a gidan ya tsaya a bakin akurki, ya ƙirga kaji, ya tabbata sun cika, ya sa sakata. Wanda ya ji wannan jawabi ya isar wa maƙwabcinsa, domin cutar kaji da muzuru ba su san katanga ba.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalamu alaikum.