Amanar Yara: Darasi daga Rayuwar Yanush Korchak



An ba ni 'yan mintuna in yi magana a kan amana, sai na ga ya fi in kawo muku labarin wanda ya riƙe ta har ƙarshen ransa.

Yanush Korchak likitan yara ne, Bayahude, ɗan ƙasar Foland. A shekarar 1912 ya karɓi jagorancin wani gidan marayu a birnin Waso, tare da wata malama, Stefaniya Wilchinska. A gidan nan yara suna da majalisarsu da jaridarsu, suna da kotun da ko shi Korchak ana iya kai ƙararsa gabanta. Ra'ayinsa shi ne, yaro cikakken mutum ne tun yau, mutuncinsa ba ya jiran sai ya girma.

A 1939 sojojin Hitila suka mamaye Foland. A 1940 aka tattara Yahudawan Waso, fiye da mutum 400,000, aka killace su a unguwa guda da aka kewaye da katanga, har da gidan marayun. Yunwa da cuta suka yi ta kashe jama'a. Wannan dattijo ya riƙa bin gida-gida yana roƙon abinci domin yaransa, kuma ba a daina karatu ba. Abokansa sun nema masa hanyar tsira, ya ce ba zai bar yaran ba.

A watan Agusta na 1942 aka zo kwashe su. Ya fito tare da yara kusan 200, da Malama Stefaniya da sauran ma'aikata, suka taka zuwa inda ake loda mutane a jirgin ƙasa. Aka kai su sansanin Tireblinka, a can aka hallaka su.

'Yan'uwa, hali zanen dutse ne. Jarumtar ranar nan ta samo asali daga shekara 30 da ya yi yana sauraron kukan yaro, yana auna nauyinsa, yana cika masa alkawari.

Mu ba a nemi ranmu ba. An nemi mu shiga aji a kan lokaci, mu san sunan kowane yaro, mu lura da wanda ya zo bai karya kumallo ba. Haƙƙinmu za mu ci gaba da nemansa da murya ɗaya, kuma yaron da ke gabanmu kada ya zama shi ne mai biyan bashin da ba shi ya ci ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.