Jawabin Yaye Ɗaliban Injiniya: Ruwan Sha a Tashar Sararin Samaniya



Kimanin kilomita 400 sama da wannan zaure akwai mutanen da ruwan shansu daga fitsarinsu da guminsu ake tace shi. Kada a yamutsa fuska, aikin injiniyoyi ne.

A Nuwamban 2008 kumbon Endeavour ya kai na'urar tace ruwa Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Na'urar takan zuƙe iskar tukunyarta har fitsari ya tafasa ba da zafi mai yawa ba, wata ganga mai juyawa kuma ta raba tururi da guiɓi, tunda can ruwa ba ya kwanciya a gindin mazubi. A Mayun 2009 'yan sama-jannati suka yi kurɓin farko.

Ba a je ko'ina ba na'urar ta toshe. An ƙera ta don ta ƙwato kashi 85 cikin 100 na ruwan fitsari, kuma a gwajin da aka yi a doron ƙasa ba ta nuna wannan matsala ba. Ashe matsalar a jikin mutum take. Inda babu nauyi ƙashi yakan zaizaye, sinadarin kalsiyam ya ƙaru a fitsari. Da ya haɗu da asid na salfa da ake zubawa a fitsarin don hana ruɓewa, sai ya daskare kamar farar ƙasa a cikin injin. Dole aka rage abin da ake ƙwatowa. Sai a 2016 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta koma asid na fosfarus, adadin ya sake hawa. Shekaru kusan bakwai ke nan a kan canjin sinadari guda, kuma a nan ya kamata sabon injiniya ya tsaya ya yi nazari.

A 2021 aka ƙara wata na'ura da ke hura busasshiyar iska mai ɗumi a kan guiɓin, ta tsotse ragowar danshinsa. A Yunin 2023 NASA ta sanar cewa an kai kashi 98 na dukan ruwan da ake tattarawa.

Tashar tana samun kayan gyara daga ƙasa a kai a kai. Masu zuwa duniyar Mas kuwa za su yi shekaru babu jirgin da zai biyo su da matatar canji, kuma na'urar da za ta jure hakan ita ake nema yanzu.

Allah ya sanya albarka a karatunku.