Tafiya Hutu da Tsofaffi: Ƙafar Babba Ake Bi

Jawabin da wata mamba ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu



An ce in yi magana a kan yadda iyali za su fita hutu ƙasar waje da tsofaffinsu, musamman idan akwai wanda ba ya cin nama a cikinsu. Kada ku ce wannan zancen Turawa ne. Ku duba gidajenmu: ga Baba da likita ya hana jan nama saboda ciwon gaɓoɓi, ga Inna da haƙora suka ƙare, ga Goggo da ba ta cin yankan da ba ta san wanda ya yi ba. Mu kuma a al'adarmu, karramawa ita ce a cika wa mutum kwano da nama. To idan ba a yi shiri ba, kuɗin da mace ta shekara biyu tana zubi sai ya ƙare a tsohuwa tana zaune a ɗakin otal da burodi da shayi, ko kuma a gadon asibitin da ba ku jin yarensu.

Maganata guda ce: tafiya da tsoho, shi ne ma'auni. Ƙafarsa ake bi, cikinsa ake tambaya. Zan ɗauki Masar in yi misali, domin jirgi na tashi kai tsaye daga Kano da Abuja zuwa Alƙahira cikin kimanin awa biyar, ba sai an kwana a wani filin jirgi ana jan tsoho ba. Ga kuma 'ya'yanmu ɗalibai a Azhar, ba za ku rasa mai yi muku tafinta ba.

Mu fara da lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne garin ke da daɗi. Daga Yuni zuwa Agusta zafi ne mai gigita mai hawan jini, tsakanin Maris da Mayu kuma akwai iskar ƙura da suke kira hamsin, wadda ba ta yi wa mai asma kyau. Amma ku sani sanyinsu na Janairu ba wasa ba ne, da dare yakan sauko wajen digiri 10. A sa rigar sanyi da safa a jaka.

Kafin a sayi tikiti, a fara zuwa wurin likita. A duba fasfo, ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, sannan a nemi biza da wuri. Ana tambayar katin rigakafin shawara, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya taɓa yi ba sai ya sake ba, domin tun 2016 aka mayar da katin na har abada. Wanda ya haura shekara 60 bai taɓa yi ba, likita ne zai ce a yi ko a ba shi takardar uzuri, ba ejan ba. Magunguna a bar su cikin kwalinsu, da takardar likita, a jakar hannu. Allurar masu ciwon suga ba a sa ta a kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi, sanyi na lalata ta. Sannan ina roƙonku, tiramadol kada a kuskura a ɗauka don ciwon gwiwa. A Masar an ɗaure baƙi a kansa.

Ranar sayen tikiti ku nemi abu biyu, duka kyauta ne: keken guragu da abinci na musamman. Na san iyayenmu, Inna za ta ce ita ba gurguwa ba ce. A lallaɓa ta, filin jirgin Alƙahira tafiya ce mai tsawo, kuma mai keke ba ya tsayawa dogon layi. Abincin kuwa yana da lamba. VGML shi ne wanda babu nama, babu madara, babu ƙwai. VLML babu nama amma akwai madara da ƙwai. DBML na masu suga ne, LSML mai ƙarancin gishiri. A nema aƙalla kwana biyu kafin tashi, idan an shiga jirgi ya wuce.

Yanzu abinci, inda na fi so ku saurara. Masar ƙasa ce da talakanta ke rayuwa a kan wake da ganye, don haka mara cin nama ba ya shan wahala. Da safe akwai ful, wato wani babban wake da ake dafawa har ya yi laushi, ana ci da burodinsu. Akwai ɗa'amiyya, wadda in kin gan ta za ki ce ƙosai ne aka sa wa ganye. Akwai miyar adas, mai laushi, ko mara haƙori zai sha. Akwai koshari: shinkafa da taliya da adas da miyar tumatir da soyayyiyar albasa. Mulukiyyarsu lalo ne, bamiya kuɓewa ce, karkade kuwa zoɓonmu ne sak.

Sai dai akwai tarko, kuma irin namu ne. Kin san a nan idan mutum ya ce ba ya cin nama, sai a tsame tsokar a miƙa masa miyar. To su ma haka. Mulukiyya da romon kaza ko zomo ake yawan yin ta. Kuma idan kika ce "min ger lahma", wato ba nama, mai abinci zai iya kawo miki kaza, don a wurinsa kaza ba nama ba ce. Kalmar da za ta fisshe ku ita ce "siyami". Kiristocin Masar, Kibɗawa, suna da azumin da ba sa cin nama da madara da ƙwai na kwanaki masu yawa a shekara, saboda haka masu abinci sun san kalmar. A rubuta ta a takarda a riƙe.

Mara nama ba shi ne mara lahani ba fa. Koshari duk sitaci ne, mai suga ya ci kaɗan. Shayinsu sukari ne zalla sai kin ce "min ger sukkar". Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita yawan waken da zai ci. Wanda aka taɓa gaya wa yana da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, abin da ke da yawa a mutanenmu, ya nisanci ful da ɗa'amiyya, domin waken na iya farfasa masa ƙwayoyin jini. Ruwa kuma na gora, ɗanyen salak a bar wa matasa.

Masauki, na fi son gidan haya mai kicin a kan otal. A tabbatar akwai lifta mai aiki, ko a kama ƙasa. Ku tafi da garin kunu da kuka da busasshiyar kuɓewa. Tsohon da ya sha kununsa da safe, komai kika ba shi da rana zai karɓa da fara'a.

Yawo kuwa, wuri ɗaya a rana ya isa. A fita da hantsi, a dawo bayan azahar a kwanta. Rana ɗaya masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a shekarar 970, da na Husaini da ke tsallaken titi. Kasuwar Khan Halili na nan kusa, amma cunkoso ne, a bar Inna ta zauna da jika guda. Wata rana dalar Giza, mai shekara sama da 4,500: a kalla daga waje, shiga ciki sai an sunkuya, hawa raƙumi kuma ba na mai ciwon baya ba ne. Wata rana masallacin Amru ɗan Asi, na farko a Masar, da gidan tarihin Fusɗaɗ inda aka mayar da gawarwakin Fir'aunoni a 2021. Da yamma a zauna a lambun Azhar, ko a shiga kwalekwale a kogin Nilu. Bayan kowane kwana biyu, a bar rana guda ba fita. Titin Alƙahira ba a tsallaka shi da tsoho, a kira Uber ta sauke ku a bakin ƙofa. Sannu ba ta hana zuwa.

Batun kuɗi, mu da muka san zafin nema: ba a taɓa jari, ba a cin bashin ƙungiya don hutu. A buɗe asusu daban. Shawarata a ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin a ce na ko-ta-kwana ne. A yi inshorar tafiya, a sa wani ya karanta ko ta haɗa da shekarun Baba da ciwon da ya riga ya zo da shi. Aiki ma a raba tun daga gida: wane ne mai magani, wane ne mai fasfo, wace ce mai girki. Kada a jibga wa suruka ɗaya, ta dawo ta fi kowa gajiya.

Na ƙarshe, kafin ku tsara komai, ku je ku durƙusa ku tambayi mai tafiyar abin da take son gani. Wataƙila ku kuna ta lissafin dala da kasuwa, ita kuwa burinta ta ga jikanta da ke karatu, ta ziyarci kabarin Imamu Shafi'i, ta dawo. Idan ta samu wannan, ta ci ta ƙoshi, ta sauka a Kano da ƙafarta, kuɗinku ya yi albarka.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ɗaukaka wannan ƙungiya, ya maimaita mana.