Jawabi Ga Matasanmu A Kan Aski Da Reza



A da, aski aikin wanzami ne, shi ya san riƙon aska. Yanzu samarinmu da kansu suke gyaran fuska da reza mai mariƙi, irin wadda Gillette ya yi wa rajista a Amurka a 1904, alhali ba wanda ya koya musu. Shi ya sa muke ganin yanka da ƙuraje a haɓa da wuya.

Galibi laifin hannu ne. Mu fara jiƙa gashi da ruwan ɗumi da kumfar sabulu. Kada mu danna reza, nauyinta ya wadatar. Mu bi inda gashi ya kwanta, domin namu murɗaɗɗe ne, in aka aske shi ta baya sai ya koma cikin fata ya zama ƙurji. Idan reza ta fara fizgar gashi, ta dakushe ke nan, a canja ta. In an yanke, a goga alif.

Mafi muhimmanci, kada mutum biyu su yi aski da reza ɗaya, ko da wa da ƙane ne, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Kuɗin sabuwar reza bai kai kuɗin magani ba.