Amsar Wasiƙunku: Sarkin Kano Dabo da Amanar Kasuwa

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai kai fatu masana'antun jima na Challawa. Ya ce ya ji labarin cewa a ƙarni na 19 shugaban Amurka ne ke naɗa gwamnonin yankunan da ba su zama jihohi ba. Shin mu ma mun yi irin wannan tsari?

To Malam, mun yi mai kama da shi. Bayan jihadi, daga Sakkwato ake tabbatar da sarkin Kano. A 1819 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Malam Ibrahim Dabo, Basulluɓe kuma malami.

Dabo bai sami sarautar a ruwan sanyi ba. Bore ya tashi ta ko'ina, ga Ɗan Tunku ta arewa ya hana sakat. Ya shafe shekaru yana yaƙi, har aka yi masa laƙabi da Cigari. Ya kuma kafa ribaɗi irin na Fanisau, domin manomi ya yi noma cikin natsuwa, fatake su wuce lafiya.

A Fanisau ɗin ne Bature Kilafaton ya iske shi a 1824. A littafinsa ma gwamnan Kano ya kira shi. Baturen ya yaba da tsarin kasuwar birni ƙwarai. Ya ce idan mutum ya sayi riga, ya je gida ya tarar da aibu, to ana mayar da ita, dillali ya nemo mai kaya a biya shi kuɗinsa. Kun ji amana!

Dabo ya rasu a 1846, bayan shekara 27 yana mulki. 'Ya'yansa uku, Usman da Abdullahi da Bello, sun yi sarauta bayansa.

Ga abin lura, 'yan'uwa. Fata da saƙa da rini su suka ɗaga sunan Kano tun kafin a gina Bompai da Sharaɗa da Challawa. Masana'antu da yawa a can sun rufe, galibi saboda matsalar lantarki da kayan waje masu araha. Gyaran wannan yana wuyan hukuma. Amma amana tana hannunmu. Kada ka jiƙa fata don ta yi nauyi, kada ka zuba tsakuwa a buhun gyaɗa. Mai saye in ya ƙone sau ɗaya, ba ya dawowa.

Allah ya sa albarka a nema. Sai mun ji daga gare ku.